Gani Ya Kori Ji? Tsokaci A Kan Hotunan Yaƙi Da Tasirinsu

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin masu sha'awar rubutu ya kawo maganar da ta tsaya mana a rai. Cewa ya yi wahalar banza marubuci yake yi in dai batun yaƙi ne, domin hoto guda na wata yarinya tana gudu tsirara a kan titi shi ya tsayar da yaƙin Biyetnam, abin da littattafai dubu ba su yi ba. Ya rufe da karin maganar nan da kowa ya sani, wai gani ya kori ji. Aka yi masa tafi, mu ma muka taya, don maganar ta yi daɗin ji. Da muka koma gida muka sake juya ta, sai muka ga akwai gyara a cikinta, kuma gyaran ya shafi duk mai riƙe da alƙalami. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan bi sawun hoton yaƙi tun daga farkonsa, mu ga abin da ya iya yi da wanda ya kasa.

Galibin manazarta sukan fara lissafi ne daga Roger Fenton, wani Baturen Ingila da ya je yaƙin Kirimiya a 1855. A wancan lokaci ɗaukar hoto aiki ne na mai haƙuri. Sai an shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauki hoton tun maganin bai bushe ba, a wanke shi nan take. Saboda haka Fenton ya tafi da keken doki guda, wanda asalinsa na wani mai sayar da giya ne, ya mai da shi ɗakin wanke hoto. Wanda za a ɗauka kuma dole ya sandare na daƙiƙoƙi da dama, in ya motsa hoto ya ɓaci. Ya komo da hotuna wajen 360: hafsoshi a gaban tantuna, dawakai, tashar jiragen ruwa, sojoji na shan shayi. Babu gawa ko ɗaya. Mafi shahara cikinsu hoton wani kwari ne da babu kowa sai harsasan igwa warwatse. Abin mamaki, hoton nan kashi biyu ne, ɗaya da harsasai a kan hanya, ɗaya kuma hanyar fayau. Binciken da Errol Morris ya yi a 2007 ya nuna cewa mai harsasai a kan hanyar shi aka ɗauka daga baya, wato akwai hannun da ya jera su. Ashe tun ranar suna aka fara yi wa hoton yaƙi kwalliya.

Ga abin da ya kamata matashin namu ya lura da shi. A wannan yaƙi na Kirimiya, abin da ya girgiza Ingila rubutu ne. William Howard Russell, wakilin jaridar The Times, shi ya riƙa aiko da labarin yadda kwalara da sanyi da sakacin manya ke kashe sojoji fiye da harsashin Rasha. Surutun da ya biyo baya na cikin abin da ya kayar da gwamnatin Aberdeen a watan Janairu na 1855, tun Fenton bai ma sauka daga jirgi ba.

Gawa ta shiga hoto sosai ne a yaƙin basasar Amurka. Bayan gwabzawar Antietam ta 17 ga Satumba, 1862, inda aka kashe ko aka raunata ko aka nemi mutum wajen 23,000 aka rasa a yini ɗaya, Alexander Gardner ya bi filin ya ɗauki gawawwaki a kumbure. Maigidansa Mathew Brady ya baje hotunan a shagonsa na New York, mutane suka yi ta tururuwa suna kallo. Suka kalla, suka yi jugum, yaƙi kuma ya ci gaba har 1865. Shi ma Gardner ɗin an kama shi daga baya: a Gettysburg a 1863 an ja gawar wani soja an kai ta tsakanin wasu duwatsu, an jingina bindiga a gefenta, don hoton ya fi tsari.

Mu nan ƙasar Hausa ba ta hannun mai tausayi hoton yaƙi ya fara zo mana ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, Turawa sun ɗauki hoton gawarsa suka riƙa nunawa a garuruwa, domin a tabbatar wa jama'a cewa ya mutu, a daina sa ran komowarsa. Wannan ma hoton yaƙi ne, kuma ya yi tasiri, sai dai ba irin tasirin da masu yabon kyamara ke nufi ba. Tun daga nan ya kamata mu gane cewa kyamara ba ta da ɓangare, na wanda ya riƙe ta ce.

Zamanin da ake kira na zinariya ya zo ne da abubuwa biyu: ƙaramar kyamara irin Leica da ta shiga kasuwa a 1925, wadda mutum zai rataya a wuya ya yi gudu da ita, da kuma mujallun hotuna irin su Life ta Amurka da ta fara fitowa a 1936. A shekarar ne Robert Capa ya ɗauki hoton nan na wani mayaƙi a yaƙin basasar Sifen yana faɗuwa da baya, bindiga na suɓuce masa. Har yau ana gardama a kan ko da gaske harbinsa aka yi ko shiri ne. Abokiyar aikinsa Gerda Taro tankar yaƙi ce ta take ta a 1937, shi kuma Capa nakiya ya taka a Biyetnam a 1954. Ba za mu raina mutanen da suka biya da rayukansu ba. To amma ko a wannan zamani, abin da jama'a ke gani sai wanda hukuma ta yarda. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarshen 1941, amma sai a Satumban 1943 aka bar Life ta buga hoton sojojinta uku kwance matattu a bakin teku a Buna, shi ma sai da maganar ta kai gaban Shugaba Roosevelt. Dalilin amincewar kuwa shi ne an ga mutanen gida sun fara sakin jiki, ana so a zaburar da su su ƙara ba yaƙin goyon baya. Kuma ba a ga fuskar ko ɗaya daga cikin ukun ba. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yanzu bari mu zo ga yarinyar da aka kafa mana hujja da ita. Sunanta Kim Phuc, shekarunta 9. Ranar 8 ga Yuni, 1972, jirgin sojan Biyetnam ta Kudu ya zuba bam mai ƙuna a ƙauyen Trang Bang bisa kuskure, ta yage tufafinta da ke ci da wuta ta fito titi tana kuka. Kamfanin dillancin labarai na AP ya rarraba hoton da sunan Nick Ut, bayan an ɗan yi ja-in-ja a ofis saboda tsiraicin yarinyar. Hoto ne da ba a kallonsa sau biyu ba tare da ƙirji ya buga ba, wannan babu musu. Amma mu duba kalanda. A 1968 sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 500,000. Kafin a ɗauki hoton nan an riga an kwashe su har ba su kai 70,000 ba. Tun watan Agusta na 1968 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna fiye da rabin Amurkawa na ganin shiga yaƙin kuskure ne. Abin da ya juya musu tunani shi ne akwatunan gawar 'ya'yansu da ke ta sauka, da tilasta wa samari shiga soja, da kuɗin da yaƙin ke lashewa, da ƙaryar shugabanni da ta yi ta fitowa fili. Hoton ya tarar da jama'ar da ta riga ta gaji, ya ba ta fuskar da za ta riƙa tunawa. Yaƙin kansa bai ƙare ba sai Afrilun 1975, kusan shekara 3 bayan haka.

Akwai ƙarin abin lura. Faifan da aka naɗa a ofishin Shugaba Nixon ya nuna cewa da ya ga hoton, tambayar da ya yi ita ce anya ba haɗa shi aka yi ba. Wato shakkar hoto ba yau aka fara ta ba. A 2016 Facebook ya cire hoton daga shafukan mutanen Norway wai don tsiraici, sai da aka yi masa ca ya mayar. A 2025 kuma wani fim ya fito da da'awar cewa ba Ut ne ya ɗauka ba, wani ɗan ƙasar ne mai aikin wucin-gadi. AP ta tsaya a kan sunan Ut, ƙungiyar World Press Photo kuwa ta dakatar da danganta masa hoton. Shekara 53, ana ta rigima a kan rubutun da ke ƙarƙashin hoto guda.

Haka nan hoton da Eddie Adams ya ɗauka a Saigon ranar 1 ga Fabrairu, 1968, na Janar Loan yana harbe wani fursuna a ka. Adams ya ci lambar Pulitzer da shi, amma ya rayu yana nadama, yana ganin hoton ya nuna daƙiƙa ɗaya ya ɓoye duk abin da ya faru kafinta. Mu dai ba mu ga abin da zai halatta harbe ɗaurarren mutum a titi ba. Sai dai nadamar tasa shaida ce cewa mai hoton kansa ya san kyamararsa rabin zance ta faɗa.

Yaƙin da ya fi kusa da mu shi ne namu na basasa, 1967 zuwa 1970, kuma duniya ta san shi ne ta hoto. Ranar 12 ga Yuli, 1968, Life ta sa hoton yaran Biyafara masu tamowa a bangonta. Don McCullin na Ingila da Gilles Caron na Faransa sun ɗauki yara masu kumburarren ciki da ƙafafu kamar sillen kara. Yunwar gaskiya ce, yaran kuma sun mutu da yawan gaske, duk wanda ya ce ƙarya ce bai yi wa Allah adalci ba. Amma kuma gaskiya ne cewa hukumar Ojukwu ta ɗauki wani kamfanin farfaganda a Janeba mai suna Markpress, wanda ke shirya wa 'yan jarida tafiya yana rarraba hotuna, kamar yadda ita ma gwamnatin tarayya ta ɗauki nata masu gyara suna a Landan. Me hotunan suka haifar? Sun buɗe aljihun talakawan Turai. An kafa ƙungiyar Concern a Ireland a 1968, coci-coci suka yi ta jigilar abinci da dare zuwa filin jirgin Uli, wasu likitocin Faransa da suka yi aiki can suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971. Abin da ba su canza ba shi ne siyasa: gwamnatin Harold Wilson ta ci gaba da sayar wa tarayya makamai har ƙarshe. Akwai ma masanan da ke ganin tausayin da hotunan suka jawo ya tsawaita yaƙin, tunda ta Uli ɗin nan makamai ma ke shiga, kuma shugabannin Biyafara sun ci gaba da sa ran duniya za ta shigo ta cece su. A ɗaya gefen, kisan da sojojin tarayya suka yi wa ɗaruruwan maza a Asaba a Oktoban 1967 bai sami hoton da ya zaga duniya ba, sai ya kwanta shekaru da dama kamar ba a yi ba, har sai da waɗanda suka tsira suka ba da labari aka rubuta.

A nan ne za mu komo kan sojojin nan uku na Buna da aka ɓoye fuskokinsu. Mu tambayi kanmu, gawar wa ake nunawa fuska a buɗe? Yaron Biyafara, da yaron nan na kudancin Sudan da Kevin Carter ya ɗauka a 1993 ungulu na tsaye a bayansa, da gawawwakin Ruwanda, duk an baje su ba lulluɓi, yawanci ba ko suna. Amma daga 1991 har zuwa 2009 Amurka ta hana a ɗauki hoton ko da akwatin gawar sojanta ne a sansanin Dover, akwati rufaffe da tuta a kai. Sun san darajar mamaci, nasu. Susan Sontag ta taɓo wannan a littafinta na 2003, kuma a ganinmu nan ne ta fi yin gaskiya. A littafinta na 1977 ta ce yawan ganin hotunan azaba na kashe zuciya; a na 2003 ta janye rabin maganar. Mu muna ganin da ta bar ta yadda take, da sharaɗi guda: zuciya na mutuwa ne idan mai kallo ya ga babu abin da zai iya yi.

Su kuwa janar-janar sun yarda da tatsuniyar cewa kyamara ce ta kayar da Amurka a Biyetnam, suka ɗauki mataki. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 an tattara 'yan jarida rukuni-rukuni, soja na yi musu jagora. Muna yara a lokacin, abin da muka gani a talabijin ɗin maƙwabta wasu 'yan fitilu ne kore-kore a sararin Bagadaza, sai kuma hotunan Saddam da ake sayarwa a kasuwa ana liƙawa a shaguna. Kenneth Jarecke ya ɗauki wani sojan Iraƙi da ya ƙone ƙurmus yana ƙoƙarin fita daga motarsa. Jaridun Amurka suka ƙi bugawa, sai The Observer ta Landan ce ta buga.

Babban juyin ya zo ne lokacin da kyamara ta bar hannun ƙwararre. Hotunan gidan yarin Abu Ghraib da suka fito a Afrilun 2004 ba ɗan jarida ya ɗauke su ba, sojojin da ke azabtar da fursunonin ne da kansu, suna murmushi, don su ajiye abin tunawa. An hukunta sojoji 11, duk ƙanana, manyan suka sha. A Siriya wani mai ɗaukar hoto na 'yan sandan soja, wanda aka sani da laƙabin Caesar, ya gudu a 2013 da hotuna sama da 50,000, da yawansu na gawawwakin waɗanda suka mutu a tsare. Duniya ta gani, Assad ya ci gaba da mulki har Disamban 2024. Amma a Janairun 2022 wata kotu a Koblenz ta Jamus, wadda hotunan na cikin hujjojin da ta duba, ta yanke wa wani tsohon kanar ɗaurin rai-da-rai. Mu kwatanta da hoton Alan Kurdi, ɗan yaron da teku ta turo gawarsa gaɓar Turkiyya ranar 2 ga Satumba, 2015. Duniya ta yi kuka, gudummawa ta yi ta kwarara na 'yan makonni, Ingila ta yi alkawarin karɓar 'yan Siriya 20,000. Zuwa Maris na 2016 Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya ta tare hanya, kuma waɗanda suka nutse a Bahar Rum a 2016 sun haura 5,000, fiye da na shekarar da Alan ya mutu. Hoton da ya sa hawaye ya yi aikin mako shida. Wanda aka adana, aka bi lambobinsa, aka nemo dangin mamatan, shi ya kai mutum kurkuku bayan shekara 9.

Yau kowa mai ɗaukar hoto ne, kuma mun ga amfanin haka da sharrinsa a ƙofar gidanmu. A Yulin 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta ce ƙarya ce. Masu bincike na BBC suka bi layin duwatsun da ke bayan hoton, da tsawon inuwar mutane, da irin bindigogin, suka tabbatar cewa kusa da Zelevet ne a arewacin ƙasar, a 2015. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu shekara 10 kowanne. A watan Yunin 2018 ɗin dai, a Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawawwaki a Facebook aka ce kisan ranar ne, alhali wasu tsofaffi ne, wani bidiyon ma daga Kongo Barazabil ya fito tun 2012. Washegari aka tare hanya aka kashe matafiya. Fenton harsasai ya jera, Gardner gawa ya ja, na yau kuwa ko tashi daga kan tabarma ba ya yi, rubutun ƙarƙashin hoton kawai yake canzawa. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo: a Mayun 2024 wani hoton tantunan Rafah da kwamfuta ta zana ya zaga Instagram sau fiye da miliyan 40, a daidai lokacin da masu ɗaukar hoto 'yan Gaza ke mutuwa don su fitar da na gaskiya, bayan an hana 'yan jaridar waje shiga su kaɗai. Mutane sun fi son zanen, don babu jini a ciki.

Mun taɓa gwada wani abu a aji. Muka nuna wa ɗalibai hoton Mohammed Salem na Reuters, wanda ya ci lambar World Press Photo ta 2024: mace durƙushe, ta rungume ƙaramar gawa cikin likkafani, ba a ganin fuskar kowa. Muka ce su faɗi inda aka ɗauka. Wani ya ce Borno, wata ta ce Sudan, wani ya ce ai wannan haɗi ne, malam. Da muka gaya musu cewa asibitin Khan Yunis ne, Oktoban 2023, kuma matar goggon yarinyar ce, yarinyar shekararta 5, sai ajin ya yi tsit. Hoton bai canza ba, jimla biyu muka ƙara. Wata yarinya da iyayenta suka taso daga Gwoza ta tambaye mu ko akwai wanda ya ɗauki hoton garinsu ranar da suka gudu. Muka ce mata akwai Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, da ta fara ɗaukar mutanen Borno tun 2015, 'yan kasuwa da 'yan makaranta da amare, da gangan don kada a san jihar da gawa kaɗai. Ta ce ba wannan take tambaya ba, ranar gudun take nufi. Muka ba ta sabon littafin rubutu mai shafi 40, muka ce ta fara daga abin da suka ci da safen ranar. Zuwa ƙarshen zangon karatu ta cika shafi 31.